Yadda Ake Gwada Tasirin Sitiroyid ɗin Ƙwaƙwalwa a Kan Fargaba, Cuɗanya da Barbarar Ɓeraye

Ƙwaƙwalwar ɓera tana haɗa wasu sinadaran sitiroyid da kanta, ba sai ta jira maraina ko gidan ƙwai ko ƙullin adirinal da ke saman ƙoda sun aiko mata ta jini ba. Tawagar Baulieu a Faransa ce ta nuna haka a 1981, lokacin da suka cire wa ɓeraye maraina da adirinal amma sitiroyid ɗin da suke aunawa bai ɓace daga ƙwaƙwalwarsu ba. Tun a 1941 Hans Selye ya lura cewa furojestaron mai yawa yana kwantar da ɓera kamar an yi masa allurar barci, sai a 1986 Majewska da abokan aikinta suka gano dalili: abin da jiki ke mayar da furojestaron, wato alofiregnanolon, yana maƙalewa a makarɓar GABA-A, wata ƙofa a jikin ƙwayar jijiya mai karɓar saƙon lafawa, ya sa ƙofarta ta daɗe a buɗe, sinadarin kulorayid ya kwarara ciki, ƙwayar jijiya ta lafa.

Hanyar haɗa shi gajera ce, kuma dole mai gwaji ya haddace ta domin duk maganin da zai yi amfani da shi wani mataki yake tarewa a cikinta. Kolestarol ya zama firegninolon, shi kuma ya zama furojestaron. Enzayim 5-alfa-ridaktes ya taɓa furojestaron, wani enzayim ya ƙarasa, a samu alofiregnanolon. Ta ɗaya ɓangaren, enzayim aromates yana mayar da testostaron estiradiyol, wani nau'in estirojin, sinadarin mata, a cikin ƙwaƙwalwar namiji kanta. Finasterayid yana toshe 5-alfa-ridaktes, letirozol da fadirozol suna toshe aromates.

Abin da ya sa aikin ke da wuyar sha'ani shi ne waɗannan sinadarai ba sa zama wuri ɗaya. Purdy da abokansa sun nuna a 1991 cewa idan aka jefa ɓera cikin ruwa ya yi iyo, alofiregnanolon yana tashi a ƙwaƙwalwarsa cikin 'yan mintuna. Kamun wutsiya da ƙarfi, bugun ƙofa, jan keji a ƙasa, duk suna iya motsa abin da kake son aunawa tun kafin ka zuƙi magani a sirinji. Saboda haka rabin aikin a ɗakin dabbobi yake.

Ɗakin dabbobi a yanayin Jos

Kafin komai a samu takardar amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji na jami'a ko cibiya. Ɓerayen Wistar su ne aka fi samu a nan, daga gidan dabbobin jami'a ko daga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. A nemi 'yan wata biyu zuwa uku, masu nauyin giram 180 zuwa 250, a kuma tambayi ranar haihuwarsu, domin nauyi kaɗai yana yaudara: tsohon ɓeran da bai ƙoshi ba da matashin da ya ƙoshi duk ɗaya ne a kan sikeli. Rukuni ɗaya kada ya gaza 8, gara 10 ko 12. Su yi mako guda a ɗakin ba a taɓa su da komai ba, sannan a yi kwana biyar ana ɗaukar kowanne a tafin hannu minti biyu zuwa uku kullum. Mutum ɗaya ya riƙa yin wannan har ƙarshe. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2014 ya nuna cewa warin jikin namijin ɗan Adam kaɗai yana tayar wa ɓeraye hankali, don haka idan mace ta fara, ita za ta gama. Turare kuwa a bar shi a gida.

Zafin ɗaki ya tsaya tsakanin digiri 20 da 24. A Jos, da ke sama da mita 1,200 daga teku, ba zafi ne matsalar ba, sanyin Disamba da Janairu ne. Ɓeran da ya kwana cikin sanyin hunturu yana ƙone abinci don ɗumama jiki, sinadaran damuwarsa suna sama, kuma sakamakonsa ba zai yi daidai da na wanda aka gwada a watan Afrilu ba. A rataye ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma, a rubuta kowace safiya. Bushewar iska ma tana da tata ɓarnar: idan laima ta yi ƙasa sosai, wutsiyar 'ya'yan ɓera tana yin zobe-zobe har ta guntule. Bokitin ruwa a buɗe ko jiƙaƙƙen buhu a kusurwar ɗaki yana taimakawa.

Haske awa 12, duhu awa 12, ba fashi. A nan ne ɗauke wuta ke kashe aiki. Kwanan watan mace da sha'awar namiji duk a kan wannan agogo suke tafiya, kuma fitilar da ta mutu da rana ko ta kama da tsakar dare tana rikita su na kwanaki. A ɗora fitilun a kan batir da sola tare da makunni mai agogo. Janareta ya yi nesa da bangon ɗakin.

Abinci kuma, yawancin ɗakunan gwaji a ƙasar nan da abincin kaji ake ciyar da ɓeraye, kuma waken suya ne ginshiƙinsa. Waken suya yana ɗauke da sinadaran tsiro masu kama makarɓar estirojin. Ga wanda ke gwada maganin ciwon suga wataƙila babu damuwa sosai, amma ga mai gwada aromates tamkar ya zuba wani magani ne a kwanon abinci bai rubuta ba. Idan ba a samu abinci mara waken suya ba, a sayi buhunan da za su isa aikin gaba ɗaya daga haɗi ɗaya, a rubuta sunansa da lambarsa a rahoto. Shimfiɗar keji ta zama dusar katakon da ba a yi wa feshin maganin gara ba. A tambayi mai injin a kasuwar Katako kafin a ɗiba, a shanya ta ta bushe sarai. Totuwar masara ba ta dace ba, an nuna tana dakushe barbarar ɓeraye. Ruwan sha a kwalba, domin tsohuwar roba tana sakin sinadari mai kwaikwayon estirojin.

Haɗa magani

Alofiregnanolon ba ya narkewa a ruwa. Ana narkar da shi a ruwan saikulodekstirin mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, a yi ta motsawa har ya washe, wani lokaci sai ya kwana a kan na'urar motsawa. Idan ka ɗaga kwalbar a haske ka ga gari yana yawo, ɓera na farko da na ƙarshe ba za su samu adadi ɗaya ba. Adadin da ke rage fargaba yana tsakanin miligiram 5 zuwa 10 a kowane kilo, a ciki ko ƙarƙashin fata, minti 10 zuwa 30 kafin gwaji, domin ba ya daɗewa a jiki. Lissafin: ɓera mai giram 200 a kan miligiram 10 yana buƙatar miligiram 2, idan ka haɗa miligiram 5 a kowace mililita, allurarsa mililita 0.4 ce. Rukuni mai 10 zai cinye miligiram 20 ban da wanda zai maƙale a sirinji. Da yake maganin da tsada kuma daga waje ake odarsa, a yi wannan lissafi kafin a rubuta kasafin kuɗi.

Finasterayid kuwa miligiram 50 a kilo aka saba bayarwa, kamar awa biyu kafin gwaji. Akwai jarabar zuwa kemis a sayo ƙwayoyin miligiram 5 na masu ciwon mafitsara a daka. Ɓera ɗaya zai ci ƙwaya biyu, kuma yawancin abin da ke cikin ƙwayar garin cikewa ne da ba ya narkewa, ya toshe allura ya kuma kumbura wajen. A nemi tsantsar garin. Mace mai ciki kada ta taɓa shi ko kaɗan, yana illa ga ɗan tayi namiji. Kowane rukunin kwatance, wato waɗanda ba a ba magani ba, a yi masa allurar ruwan narkarwar zalla, adadi ɗaya, lokaci ɗaya.

Gwajin fargaba

Na'urar da aka fi amfani da ita ita ce gadar nan mai hannu huɗu kamar alamar tarawa, wadda Pellow da abokan aikinta suka tabbatar da ingancinta a 1985. Kafinta zai iya yin ta. Ga babban nau'in ɓera irin Wistar, kowane hannu tsawon santimita 50, faɗin 10. Biyu masu fuskantar juna a buɗe, biyu da bango mai tsayin 40. Gaba ɗaya a ɗage ta santimita 50 daga ƙasa. Ga ƙaramin ɓera, wato ƙaramin nau'in da ake kira mouse, tsawo 30, faɗi 5, bango 15. A sa ɗan baki na rabin santimita a gefen buɗaɗɗun hannuwan don kada dabba ta zame. A shafa fentin mai baƙi ko ruwan toka mara ƙyalli, a bar shi mako biyu warin ya fita. Katakon da ba a shafe ba yana shan fitsari, kuma ɓeran da ya shinshino fitsarin wanda ya tsorata kafinsa shi ma zai noƙe.

A kai kejin ɗakin gwaji awa guda kafin a fara. A ajiye ɓera a tsakiya yana fuskantar buɗaɗɗen hannu, a fice daga inda zai gan ka, kyamarar waya da aka ɗaure a sama ta ɗauki minti 5. Ba a ƙirga shiga sai ƙafafu huɗu sun tsallaka. Bayan kowace dabba a share kashi, a goge da itanol mai kashi 70, a jira ya bushe.

Ɓeran da ke cikin fargaba za ka gan shi ya tsaya a bakin bango, ƙafafun baya a cikin duhu, ya miƙa jiki dogo yana shinshina fili, gashin bakinsa na rawa, sannan ya ja da baya ba tare da ya juya ba. Wanda alofiregnanolon ya kama yana fita har ƙarshen hannu, ya leƙa da kai ƙasa, ya juyo a natse. Abin da za a lissafa shi ne kason lokacin da ya yi a fili da kason shigarsa fili. Amma lamba ta uku ce ke ceton aiki: yawan shiga hannuwa masu bango, wanda ke nuna ko dabbar tana da kuzari. Idan adadin magani ya yi yawa, ɓera yana kasala, ya zauna a inda aka ajiye shi. Idan a fili ya zauna, takarda za ta ce ba shi da tsoro, alhali maye ne. Duk sakamakon da lokacin fili ya ƙaru amma shiga bango ta faɗi warwas, a yi masa kallon tuhuma.

Haske yana yanke hukunci tun kafin magani. A haske mai ƙarfi ɓerayen kwatance ba sa fita sosai, nan ne ake ganin aikin maganin da ke rage fargaba. Mai gwada finasterayid, wanda ake sa ran zai ƙara fargaba, yana buƙatar haske mai rauni, domin dabbar da tun asali ba ta fita babu yadda za a ga ta rage fita. A sa rukuni guda na dayazefam, sanannen maganin rage fargaba, miligiram 1 zuwa 2 a kilo, minti 30 kafin gwaji. Idan shi ma bai fitar da su ba, laifin ɗakin ne ko gadar, ba na sitiroyid ba. Kuma sau ɗaya ake hawa wannan gada. A hawa na biyu ko dayazefam ba ya aiki yadda ya kamata.

Mata suna da ƙarin aiki. Zagayensu kwana 4 zuwa 5 ne, kuma a ranar da ke gab da neman barbara furojestaron da alofiregnanolon suna tashi, macen ta fi fita fili da kanta. Wanda ya cakuɗa mata ba tare da sanin ranar kowacce ba, bambancin da ke cikin rukuni zai haɗiye bambancin magani. Kowace safiya a lokaci ɗaya a ɗiga ruwan gishiri kaɗan a bakin farji da ɗan bututu mai santsi, a zuƙo, a ɗiga a gilashi, a duba a madubin ƙara girma. Ƙwayoyi zagayayyu masu cibiya a tsakiya, gungu-gungu, ranar gab da barbara ke nan. Faffaɗa marasa cibiya kamar ɓawo, ranar barbara. Ƙanana birjik na farin jini, ranar hutu. A bi zagaye biyu cikakku kafin gwaji. Kada a zurfafa bututun, domin taɓa bakin mahaifa yana jefa mace cikin cikin ƙarya na kusan kwana 12, zagayen ya tsaya cak. A kuma tuna cewa sinadarin ba kullum yake kwantar da hankali ba: Sheryl Smith da tawagarta sun nuna cewa janye furojestaron kwatsam yana sauya ginin makarɓar GABA-A ya ƙara fargaba, kuma a ƙananan ɓeraye mata masu shiga balaga alofiregnanolon kansa yana iya tayar da hankali. Shi ya sa ba a haɗa 'yan balaga da manya a rukuni ɗaya.

Cuɗanya da faɗa

Gwajin File da Hyde na 1978 ba ya buƙatar komai sai akwati mai faɗi. Ɓeraye biyu jinsi ɗaya, waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, nauyinsu kusan ɗaya, an yi musu magani iri ɗaya, minti 10. A ƙirga daƙiƙun shinshina, bin juna, lasar juna, ratsawa ta ƙarƙashi ko ta sama. Kwanciya jiki da jiki ba motsi ba ya shiga lissafi. Biyun nan lamba ɗaya suke bayarwa, ba biyu ba, domin abin da ɗaya ya yi shi ke jan ɗayan. Ɓeraye 20 sakamako 10 ne.

Keɓe dabba ita kaɗai yana rage alofiregnanolon. Ɗakin binciken Costa da Guidotti a Amurka ya nuna cewa ƙaramin ɓera namiji da aka ware mako huɗu, 5-alfa-ridaktes yana raguwa a ƙwaƙwalwarsa, ya zama mafaɗaci, kuma dawo da sinadarin yana sassauta faɗan. Wannan hanya ce mai araha ta yin gwaji: a ware, a saka masa baƙo a kejinsa, a ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin cizon farko da yawan hari, a raba su da zarar an ga jini. Haka kuma tarko ne ga wanda ya ware dabbobinsa don kawai keji ya wadata. A gwada adadi uku aƙalla, domin ƙaramin adadi yana iya ƙara faɗa yayin da babba ke kashe shi.

Barbara

Wannan shi ake yi a ƙarshe, domin barbarar kanta tana ɗaga alofiregnanolon. Da dare ɓera ke harkarsa, saboda haka ko dai a juya agogon ɗakin, fitila ta mutu da safe, a ba su mako biyu su saba, ko kuma mai gwaji ya yi aikin dare. Jan ƙwan fitila mai rauni ya isa, ɓera ba ya ganinsa sosai.

Don a mallaki abin da ke jikin mace, ana cire mata gidan ƙwai ƙarƙashin allurar barci ta ketamin da zailazin, da kulawar likitan dabbobi da maganin zafi bayan aiki. A lokacin hunturu sanyi ya fi wuƙa kashe su. A ɗora su a kan kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul har su farfaɗo. Bayan mako biyu a yi mata estiradiyol benzowet maikurogiram 10 ƙarƙashin fata awa 48 kafin gwaji, sannan furojestaron maikurogiram 500 awa 4 kafin gwaji, kowanne a cikin mililita 0.1 ta man riɗi mai tsabta. Sikelin da ke yawancin ɗakuna ba zai auna maikurogiram ba, sai a haɗa estiradiyol ɗin miligiram 1 a mililita, a tsinka shi sau goma.

Macen da ta karɓa, da namiji ya hau ya riƙe kwiɓinta, sai ta ƙame, bayanta ya lotsa, kai da gindi su ɗaga, wutsiya ta kauce gefe. A bari ya hau sau 10, a ƙirga sau nawa ta lotsa, a mayar kashi cikin 100. A rubuta kuma alamun da ke nuna ita ke nema: ɗan tsalle, gudu ta tsaya, kaɗa kunnuwa da sauri. Estiradiyol yana shirya wani yanki na haifotalamos da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, shi kuma alofiregnanolon yana ƙarfafa lotsawar daga tsakiyar ƙwaƙwalwa, kamar yadda aikin Cheryl Frye ya nuna. Wanda ke son ganin wannan sosai ya raba akwatin da allo mai ramuka kimanin santimita 4, wanda mace za ta wuce amma namiji ba zai iya ba, ita ta zaɓi lokacin zuwa da komawa.

Namiji kuma sai an horar da shi sau uku ko huɗu da mace mai karɓa kafin a raba rukuni, domin a kowane garke akwai waɗanda ba sa hawa ko kaɗan, kuma idan suka taru a rukunin magani za a ɗora wa letirozol laifin da ba nasa ba. A minti 30 a rubuta lokacin hawan farko, lokacin shigar farko, yawan shiga, lokacin zubar maniyyi, da hutun da ke biyo baya, wanda yakan kai minti biyar. Ana gane shiga da zaburar da yake yi baya da sauri ya lashi gabansa. Bayan dandaƙa halin ba ya ɓacewa rana ɗaya: zubar maniyyi ke fara tafiya, sai shiga, hawa ya zo ƙarshe, cikin makonni. Testostaron yana dawo da shi, amma idan aka haɗa da mai toshe aromates ba ya dawowa sosai sai an ƙara estiradiyol.

Tabbatar da cewa daga ƙwaƙwalwa ne

Allurar finasterayid a ciki tana toshe enzayim a hanta da maraina da ko'ina, saboda haka ba ta ba ka ikon cewa sinadarin ƙwaƙwalwa ne ya yi aikin. Mai son faɗin haka sai ya cire maraina ko gidan ƙwai tare da adirinal, ya riƙa ba dabbar ruwan gishiri mai kashi 0.9 a matsayin ruwan sha, in ba haka ba ta mutu. Ko kuma ya dasa siririn bututu ya zuba maganin kai tsaye a yankin da yake zargi. Wanda ba shi da na'urar dasawa ya rubuta abin da ya gwada kawai, kada taken aikinsa ya wuce hujjarsa.

Idan za a auna sinadarin, a kashe dabbar cikin gaggawa ta hanyar da kwamiti ya amince, a wani ɗaki dabam da sauran, a san kuma cewa shaƙar iskar kabon da kanta tana ɗaga alofiregnanolon. A ɗebi jini a lokaci guda don a kwatanta, a fitar da ƙwaƙwalwa a kan ƙanƙara, a yanki yankin da ake so, a jefa a ruwan naitirojin, a adana a digiri 80 ƙasa da sifili. Firizar gida da ke narkewa duk lokacin da aka ɗauke wuta ba ma'ajiya ba ce. Kayan awo na ELISA suna ruɗa sitiroyid masu kama da juna, ga shi adadin nanogiram ne a giram ɗin nama, don haka na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari ta fi aminci. A samu ɗakin da zai yi awon, a ji nauyin naman da suke buƙata da yadda za a kai musu shi a daskare, tun kafin a sayi ɓera ko ɗaya. Bidiyoyin kuma a ba su lambobi, wanda bai san rukunin kowace dabba ba ya ƙirga, wani na biyu ya sake ƙirga kashi ɗaya cikin biyar don a ga ko lissafinsu ya zo ɗaya.